A Bar Manhaja Ta Jira, a Koya wa Ɗan Aji Ɗaya Karatu Tukuna

Wanda ke son sanin halin da ajin farko na ƙaramar sakandare yake ciki, ya karɓi littafin rubutun yaro ɗaya daga bencin tsakiya, ya buɗe shafin darasin kimiyya. Zai ga rubutu tsaf, kwanan wata a kusurwa, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin kan magana, bayanin abubuwa masu rai da marasa rai ya cika shafi biyu. Sai ya ɗora yatsa a layi na uku ya ce, "Karanta min nan." A makarantun gwamnati da yawa a Arewa, abin da zai biyo baya shiru ne, yaro ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa. Abin da ke cikin littafin zana shi ya yi daga allo, harafi bayan harafi, kamar mai kwaikwayon zanen hula. Haka zai ci gaba da yi wa malamai goma ko fiye a kowane mako, har shekara uku, idan bai gaji ya bar makarantar ba.

Ra'ayina shi ne a ware makonni goma na farkon JSS 1, a ba wa karatu da lissafin tushe darasi biyu na farko kowace safiya daga Litinin zuwa Alhamis, a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajin da rajista ta jefa su ba. Kuma ma'aikatar ilimi ta jiha ta ba da umarnin a rubuce, don kada shugaban makarantar da ya yi hakan ya zama mai laifi a idon masu zuwa duba aiki.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe shekara shida ta firamare da uku na ƙaramar sakandare suka zama tafiya ɗaya ta shekara tara, kyauta kuma dole. A kan wannan tunani hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu ta rubuta tata: inda aji shida ya ajiye, daga nan sakandare za ta ɗauka. Shi ya sa tun a lissafin aji ɗaya ake tarar da ƙidaya har biliyan da tiriliyan, da LCM da HCF, da ƙidayar sifili da ɗaya irin ta kwamfuta, da haɗa rabi da sulusi, kuma duka da Turanci. A takarda babu aibi. Manhajar ta ɗauka yaron yana karanta sakin layi ya fahimta, ya haddace jadawalin sau, ya iya rabawa. Amma rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. Waɗannan yaran ne bayan shekara biyu ko uku ake ɗinka wa sabon yunifom a ce sun shiga sakandare.

An sha taɓa manhajar. Wadda aka fara aiki da ita a 2008 tana da darussa wajen ashirin. A 2012 aka matse su zuwa goma, aka fara aiwatarwa a 2014, sai dai yawancin matsin a suna ya tsaya. Kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki sun koma ƙarƙashin suna ɗaya, amma a makarantu da yawa kowanne ya ci gaba da zama da malaminsa da littafin rubutunsa da lokacinsa a jadawali. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sake sanar da sabon tsari mai darussa 12 zuwa 14, an tabbatar wa tarihi gurbinsa, kuma ɗalibi zai zaɓi sana'a ɗaya daga cikin irin su haɗa sola, ɗinki, kiwo, noman lambu da gyaran waya. Ina maraba da sana'o'in nan ƙwarai. Sai dai mai haɗa sola dole ya ninka ƙarfin fanka da yawan awannin da za ta yi tana juyawa kafin ya san batirin da zai sa, tela kuma dole ya karanta inci huɗu da rabi a jikin tef. A ɗora wa yaron da bai iya ɗebewa ba waɗannan, an yi kitso da ƙwarƙwata.

Akwai abin da ya sa matsalar ta fi ɓuya a sakandare. A firamare malami ɗaya ne ke yini da aji, ko bai yi komai a kai ba ya san wanda ba ya karatu. A sakandare kowane malami minti 35 ko 40 gare shi, ya shiga ya cika allo ya fita, na gaba yana tsaye a bakin ƙofa. Babu wanda karatun yaro yake wuyansa. Malamin Turanci yana kan rabe-raben kalmomi da insha'i domin su sikim ya ce, wato tsarin aikin zango da aka raba mako-mako. Kuma yawancin malaman sakandare, masu NCE da masu digiri, fanninsu aka koya musu. Ba a taɓa nuna musu yadda ake ɗaukar yaro daga sautin baƙi zuwa gaɓa zuwa kalma ba. Takardar da ta rako yaron daga firamare ba ta cewa komai a kan haka. Jarrabawar shiga kuwa, inda ake yin ta, yawanci canki-canka ce mai amsoshi huɗu, wadda ko ido rufe aka cike ta ana iya tashi da kashi 25 cikin 100.

Saboda haka aikin farko shi ne awo, kuma awon baki da baki ne, yaro ɗaya malami ɗaya. Takarda guda ta isa. A sama a sa haruffa goma, sai kalmomi goma masu sauƙi, sai sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, sai labari na kalma 60 zuwa 80 da tambayoyi biyu. Gaban takardar Hausa, bayanta Turanci. Daga sakin layi ake farawa. Idan yaro ya karanta shi da kuskuren da bai wuce uku ba, a haura da shi labari. Idan ya kasa, a sauko kalmomi, ya zaɓi biyar ya karanta, a karɓa idan ya sami huɗu. Idan nan ma ya kasa, a sauko haruffa. Matakin ƙarshe da ya tsallake shi ake rubutawa a gaban sunansa. Lissafi ma haka: gane lamba daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro irin 52 a cire 27, sai raba lamba mai gida uku da lamba ɗaya. Duka bai wuce minti takwas ba. Makarantar da ta ɗauki sababbin ɗalibai 240 tana buƙatar awa 32 ke nan. Malamai takwas suka raba, awa huɗu-huɗu ne, a gama a safiya uku.

Abu biyu ke ɓata wannan awo. Na farko, yaranmu gwanayen hadda ne, sun saba da ita tun daga makarantar allo da Islamiyya. Idan takarda iri ɗaya ce, kafin a tashi tara waɗanda suka fito sun biya wa na kan layi, sai ka ga yaro yana zuba labari idonsa na kallon silin. A tanadi takarda iri uku masu nauyi ɗaya, a riƙa canjawa. Na biyu shi ne tausayin malami, ya fara wa yaro gaɓar farko ko ya gyaɗa kai a inda ya dace. Wannan tausayin cutarwa ne, domin zai kai yaron rukunin da ya fi ƙarfinsa. Kada kuma a kira abin jarrabawa, kada a ajiye bulala a kan tebur. Tunda 'yan aji ɗaya ba sa cika zuwa rana ɗaya, wasu sai mako na uku ko na huɗu, a ajiye malami guda da takardun a ofishin rajista, duk wanda ya zo a auna shi a ranar.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta gina ta, ana kiranta TaRL, wato koyarwa daidai matakin yaro, kuma masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun shafe shekaru suna gwada ta. Darasin da ya fi amfani gare mu daga inda ta gaza ya fito. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malamai an ba su kayan aiki, aka bar su su cusa dabarar cikin darussansu na kullum, sai suka koma bin manhaja kamar da, karatun yara bai motsa ba. A Haryana kuwa aka ware sa'a guda ta musamman a jadawali, aka sake raba yara a wannan sa'ar, aka sa jami'an gwamnati suna zagayawa suna taimaka wa malamai, sai aka ga ci gaba a karatu. Horo kaɗai ba ya yi, sai da lokaci na kansa da mai bibiya. A Najeriya ma an gwada ta a Borno, an kuma yi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano, a manyan azuzuwan firamare. Ke nan akwai masu horarwa a gida, akwai kayan aiki da Hausa, ga kuma littattafan shirin Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato. Abin da ya rage shi ne a tsallaka da su katangar sakandare.

Jadawali ne wurin da za a yi gumi. Minti 40 na karatu da 40 na lissafi, Litinin zuwa Alhamis, darasi takwas ke nan a mako, awa 53 da ɗoriya a makonni goma. A ɗauko biyu daga rabon Turanci, biyu daga lissafi, ɗaya daga Hausa, sauran ukun a riƙa karɓa karɓa-karɓa daga sauran darussa don kada nauyin ya faɗa kan fanni ɗaya. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne duk azuzuwan JSS 1, daga A har na ƙarshe, su yi a lokaci guda, in ba haka ba babu yadda za a yi yaron aji B ya haɗu da takwaransa na aji D a rukuni ɗaya. Wannan na nufin malamin Turanci shi kaɗai ba zai iya ba. Malamin noma da na addini da na kasuwanci duk za su riƙe rukuni, bayan horon kwana huɗu ko biyar kafin a dawo hutu, horon da za su gwada koyarwar da yara na gaske, ba su zauna ana yi musu lacca ba. Kuma da safe za a yi. Duk abin da aka tura darasin ƙarshe, rana da yunwa da taron malamai za su cinye shi.

Kada a raba malamai daidai-wa-daida. Rukunin da ke matakin haruffa kada ya wuce yara 30 zuwa 35 a hannun malami ɗaya, ko da a inuwar darbejiya za a zauna. Masu karanta labari ana iya tara saba'in a ɗaki ɗaya, domin suna iya aiki su kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa rukunin ƙasa ga ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya, wanda wataƙila ko Hausa ba ya ji, gogaggen malami kuma ya riƙe masu ƙoƙari. A juya. Wanda ya fi haƙuri da iya bayani shi ya dace da waɗanda suka fi nisa a baya.

A rukunin ƙasa da Hausa za a fara, kuma dalilin na aiki ne. Rubutun Hausa ba ya yaudara: wasula biyar, kowane baƙi da sautinsa, galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya kama ba, bi, bu, be, bo ya kama hanyar ka, ki, ku da sauransu, cikin 'yan makonni yana haɗa ta da sa ya ce tasa, ya kuma san abin da ya karanta domin a cikinta ya ci tuwo jiya. Turanci ba haka yake ba. Harafin a kaɗai sautinsa daban a cat, daban a cake, daban a call. A ce wa yaro ya koyi dabarar karatu da sabon harshe a lokaci guda, an ɗora masa kaya biyu. Na san a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Ban goyi bayan wannan ba, amma bai hana abin da nake faɗa ba, tunda Hausa tana nan a matsayin darasi, kuma burin shi ne yaro ya isa ga Turancin da sauri. Inda aji ya cakuɗe da yaran da Hausa ba ta zauna a bakinsu ba, a duba harshen da suke wasa da shi a fili. In babu na tarayya, a fara da Turanci mai sauƙi.

Minti arba'in ɗin ga yadda za su tafi. Goma na farko malami ya karanta gajeren labari da ƙarfi yana bin kalmomin da yatsa, a tattauna shi. Sha biyar a kan gaɓoɓi, da katunan da aka yanka daga kwalin taliya ko na sabulu, yara biyar-biyar a ƙasa suna harhaɗa kalmomi suna rubutawa. Goma na shifta, kalma biyar da jimla ɗaya, a duba nan take. Biyar na ƙarshe a ɗaga yara uku ko huɗu kowa ya karanta shi kaɗai, a juya sunaye yadda kowa zai sami rana a mako. A koyar da sautin harafi, a bar waƙar ei-bi-si, wadda yawancinsu sun haddace tun aji ɗaya na firamare ba ta kai su ko'ina ba. A ba wa ɓ, ɗ, ƙ da 'y, da tagwaye irin sh, ts, ƙw da gy lokacinsu, domin bari da ɓari ba ɗaya ba ne. Babban abin gudu shi ne amshi. Malami ya faɗa aji ya amsa da murya ɗaya, ɗaki ya ɗauki sauti, a zaci ana koyo, alhali yara biyar ne ke karantawa sauran suna bin bakinsu. Maganinsa a riƙa nuna gaɓoɓi a hargitse, a kira suna ɗaya.

Masu matakin kalma da sakin layi matsalarsu sauri ne. Yaron da ke ɗaukar rabin minti kafin ya kai ƙarshen jimla ya riga ya manta farkonta, shi ya sa masu nazarin karatu ke sa ma'aunin kalma 45 zuwa 60 a minti a matsayin inda fahimta ke fara zama. A haɗa su biyu-biyu, ɗaya ya karanta minti guda ɗayan ya ƙirga, su maimaita shafi ɗaya sau uku, kowa ya rubuta adadinsa a bayan littafinsa ya ga yana hawa. Rukuni mai yara sittin kwafi talatin yake buƙata a mako, takarda 300 a zango, bai kai rim ɗaya ba. Sai dai a kula da abin da ke cikin labarin. Ɗan shekara goma sha huɗu da ke ɗaukar buhu a kasuwa ranar Asabar ba zai zauna yana karanta labarin 'yar kyanwa da aka rubuta don 'yan shekara shida ba. A rubuta masa sauƙaƙan jimloli a kan ƙwallo, da gyaran babur, da cinikin waya, da yadda ake ƙyanƙyasar kaji. Daga nan ake tsallakawa Turanci, a tsaya a wuraren da aka san Bahaushe na tuntuɓe: c da ba ta da sautin da ya saba, p da f, v da b, da baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali a tsakani, irin na street.

Akwai wasu kalmomin Turanci da ba su kai talatin ba waɗanda ke kayar da yara a kowane fanni: define, state, list, mention, explain, differentiate, except da 'yan uwansu. Yaro ya san amsa amma bai san me aka ce ya yi ba. A koyar da su kai tsaye, biyu ko uku a mako, ga kowane rukuni har da na sama. Rukunin saman kuma kada a bar su zaman banza. Su ne za a ba littattafai su karanta su taƙaita, a koya musu ciro muhimmin batu daga shafi da rubuta bayani da kalmominsu, abin da zai raba su da kwafe har jami'a.

A lissafi kuskuren yaro shi ke nuna inda ramin yake, don haka a daina tsayawa a jan giciye. Wanda ya cire 27 daga 52 ya sami 35, ƙarami yake cirewa daga babba a kowane gida, bai fahimci cewa biyar ɗin nan goma-goma biyar ce ba. Maganinsa tsinken tsintsiya ko karan dawa da aka ɗaure goma-goma da roba: ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga abin da ake nufi da aro. Wanda ya raba 618 gida shida ya rubuta 13 maimakon 103, sifili ne bai san amfaninsa ba. A tambaye shi ko mutum shida za su raba naira 618 kowa ya tashi da naira 13, shi da kansa zai ce a'a. Wanda ya haɗa rabi da sulusi ya sami biyu cikin biyar, a ba shi takarda ya ninke ya gani cewa amsarsa ko rabin ba ta kai ba. Abin takaici shi ne yarinyar da ke yin waɗannan kurakurai a aji ita ce ke ba da canjin ɗari biyar a tallan awara ba ta taɓa kuskure ba. Lissafin yana kanta, hanyar sauke shi a takarda ce ba a nuna mata ba. A fara daga kuɗi a gangaro lamba. Jadawalin sau kuma a ba shi minti biyar kullum, a hargitse, har bakwai sau takwas ya fito ba tare da an faro daga bakwai sau ɗaya ba.

Hatsarin da ya fi damuna shi ne rukunin ƙasa ya zama ajin da ake yi wa laƙabi. Da zarar an fara cewa ajin daƙiƙai, an gama da yaran, musamman 'yan mata da manyan samari waɗanda dama ƙiris suke jira su daina zuwa. A sa wa rukunoni sunayen itatuwa ko launuka, kada a kafe sakamako a allon sanarwa, kuma bayan darasi biyun kowa ya koma ajinsa na asali. Mafi muhimmanci, a sake awo duk bayan mako uku, wanda ya haura a ɗaga shi washegari. Ganin abokinsa ya tashi ya fi kowace nasiha tasiri. Zangon farko kuma yana cin karo da kaka, a ƙauyuka ana ɗebe yara girbin gero da dawa da roron wake, ga ranar kasuwa. Shugaban makaranta ya zauna da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da mai unguwa da liman tun kafin a fara, a roƙi iyaye abu ɗaya tak: ko za a ɗauki yaro gona, a bari ya yi darasi biyun safe.

Wanda aka auna sau biyu bai motsa ba, a daina cewa ba ya ji, a duba jikinsa. A tsayar da shi a bayan aji a rufe masa ido ɗaya ya karanta manyan haruffa a allo, sannan ɗayan. A tsaya a bayansa a faɗi lambobi a hankali a ga ko yana maimaitawa. Yaro mai ciwon kunne da ya daɗe yana zubar ruwa, ko wanda allo ke yi masa hazo, sau da yawa bai san sauran yara suna ji suna gani fiye da shi ba. Dawo da shi bencin gaba da tura shi asibiti na iya warware abin da shekara shida ta bulala ba ta warware ba. Akwai kuma ƙalilan masu kaifin baki da fahimta waɗanda haruffa ke rikice musu duk da ido da kunne lafiya; su ƙaramin rukuni suke buƙata, da maimaici mai yawa, da a riƙa karanta musu tambaya a gwajin aji.

Za a ce wannan aikin firamare ne. Gaskiya ne, kuma dole a gyara can. Amma yaron da ke zaune a JSS 1 yau ba zai koma aji biyu ba, sa shi maimaita aji kuma yana nufin a sake karanta masa abin da bai gane ba da irin hanyar da bai gane ba. Za a ce ba za a gama sikim ba, ga jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare a aji uku. Darasi takwas cikin kusan arba'in na mako, a zango ɗaya cikin tara, shi ne abin da aka taɓa. Makarantu sun fi haka ɓatawa a darussan gaggawa da ake shirya wa 'yan aji uku ana saura wata biyu jarrabawa, ana haddace amsoshin shekarun baya, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ma'aikata ana buƙatar abu uku, kuma babu mai tsada a ciki idan aka kwatanta da ginin aji ɗaya. Takardar umarni da ta rage sikim na zangon farko ta fayyace batutuwan da aka ɗage zuwa zango na biyu. Kuɗin takarda da horo, wanda jihohin da ke cikin shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa ilimin 'yan mata, irin su Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, suna da inda za su nemo shi. Sai canja abin da mai duba makaranta ke tambaya. Maimakon ya zauna a ofis yana duba ko an sa hannu a littafin shirin darasi, ya karɓi takardar awo, ya zaɓi yara biyar da kansa daga rajista, ya zauna da su ya ji ko matakin da aka rubuta musu gaskiya ne, sannan ya shiga rukuni ɗaya ya koyar na minti goma malamin yana kallo. A mako na goma a yi awon ƙarshe, a rubuta matakin kowane yaro a katin sakamakonsa kusa da makin Turanci da lissafi, da Hausa yadda uba zai gane. Waɗanda har lokacin ba su kai sakin layi ba su ci gaba da darasi ɗaya kowace safiya a zango na biyu, a rukunin da bai wuce yara ashirin ba, a hannun malamin da ya fara da su.